Yadda Na Riƙa Satar Ɗana

A danginmu idan ana zancen kunya, da ni ake fara misali. Mu Fulani ne da suka zauna a gari tun zamanin kakana, gidanmu yana can bayan Shadawanka a garin Bauchi. Shanun da suka rage mana ba su wuce huɗu ba, amma al'ada ko kofato ɗaya ba ta ragu ba, kuma babbar cikinta ita ce kunyar ɗan fari. Mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta ɗaukarsa a gaban manya, ba ta yi masa wasa, ba ta cewa nata ne. In ya yi kuka sai ta kau da kai kamar ɗan maƙwabta ne, har sai kakarsa ta ɗauko shi ta dire mata a cinya tana faɗa, sannan ta ba shi nono tana ɓata rai. Ni kaina 'yar fari ce. Har na yi aure ban taɓa jin sunana a bakin Inna, mahaifiyata, ba. "Ke" take ce mini, in kuma da wani take magana ta ce "waccan".

Ina koyarwa a wata makarantar firamare, kuma a ɗakin malamai ni ce alƙaliyar marasa kunya. Wata abokiyar aikina ta sa hoton ɗanta na fari a fuskar wayarta, na yi mako guda ina yi mata tsiya. Na ce ni in Allah ya ba ni nawa, ko inda yake ba zan kalla ba, sai an yi rantsuwa kafin a yarda ni na haife shi. Da bakina na faɗi wannan, a gaban shaidu, ina ɓarar gyaɗa.

Cikina yana wata huɗu na fara zuwa awo. Aka ɗebi jininmu kamar yadda ake yi wa kowa, sai wata nas ta kira ni wani ɗan ɗaki ta tura ƙofa. Dattijuwa ce gajeriya, Hausarta irin ta bariki, mace da namiji duk "ka" ne a wurinta.

Ta ce, "Madam, ka zauna. An samu ƙwayan cuta mai karya garkuwa a jininka. Amma ka saurare ni, ba sanarwan mutuwa na kira ka in yi maka ba."

Zan so in ce tunanin ɗan cikina ne ya fara zo mini. Ƙarya ne. Abin da ya fara faɗo mini shi ne, wa ya ga shigowata ɗakin nan? Sai da na gama lissafa matan da ke kan benci a waje, na tabbatar babu 'yar unguwarmu, sannan tsoro ya sauko mini gaba ɗaya, na dafe cikina na fashe da kuka.

Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta yi mini bayani dalla-dalla. Zan riƙa shan ƙwaya ɗaya kullum a lokaci ɗaya, ba fashi. A asibiti zan haihu. In yaro ya zo, akwai maganin ruwa da za a riƙa ɗiga masa a baki kowace rana har mako shida. Sannan nonona kawai zai sha har wata shida, ba ruwa, ba jiƙo, ba madara, domin haɗa masa da wani abu yana iya ƙuje masa hanji, ƙwayar cutar ta sami ƙofar shiga. Ta ce in na kiyaye waɗannan, da yardar Allah yaro zai fita fes.

Da yamma na gaya wa maigidana a gidan aurena da ke unguwar Gwallameji. Washegari ya je aka gwada shi, shi ma yana da ita. Na shirya rigimar kwana bakwai a kan wa ya kawo wa wa, har na tsara kalmomin da zan fara da su. Da na shiga ɗaki na tarar da shi zaune a bakin gado riƙe da katinsa kamar ɗalibin da ya faɗi jarrabawa, sai kalmomin suka gudu. Muka bar zancen a nan, har yau ba mu tone shi ba. Muka riƙa shan maganinmu tare bayan sallar asuba. Kafin cikin ya tsufa aka sake auna jinina, nas ta ce ƙwayar cutar ta kwanta har na'ura ba ta ganinta, ta kuma ɗaga mini yatsa ta ce kwanciya ta yi, ba tafiya ba.

Sai maganar wanka ta taso. Haihuwar fari a gidan iyaye ake jegonta, kwana arba'in. Maigidana ya ce in zauna a ɗakina, ya samo tsohuwar da za ta riƙa yi mini wankan, mu lura da yaron da kanmu. Na dube shi kamar ya ce in fita kasuwa ba ɗankwali. Ni? In zauna a gidan miji da ɗan fari a cinya? Me za a ce a dangi? Nas kuma ta ce to in zan je, in gaya wa mahaifiyata gaskiya, domin mai riƙon yaro ya kamata ta san dokokinsa. Na ce mata ba ta san Fulani ba. Ta ce haka ne, amma ta san jarirai.

Ban ji ta kowa ba. Na haihu lafiya, namiji, aka ɗiga masa maganin farko a asibiti, kwana biyu aka wuce da mu gidan Inna. Kwalbar maganinsa da ɗan sirinji marar allura da ake auna shi suna cikin safa, safar tana cikin ƙasan jakata. Nawa kuma na juye shi a gwangwanin turaren wuta.

Tun daga ƙofa Inna ta karɓe shi, ta shimfiɗa masa a gadonta. Ni aka ba ni ɗakin da ke kallon nata. Goggo, ƙanwar mahaifina, ta tare a gidan domin dafa ruwan wanka. Kowa ya kama aikinsa, nawa aikin kuwa shi ne in nuna ban san da zaman yaron ba. Kuma na iya. In Inna ta kawo shi sai in tura baki, in juya wa bango fuska, in karɓe shi da hannu ɗaya kamar an miƙo mini kayan wanki. Mata masu zuwa barka suna ta yaba ni, suna cewa irin wannan tarbiyya ta yi ƙaranci yanzu. Ina jin daɗin yabon, ba zan ɓoye ba, alhali a raina ji nake kamar in haɗiye yaron don so.

Maganin nan kuwa dole ya shiga bakinsa kullum. Sai na lura cewa da hantsi Inna tana fita bayan gida tatsar shanu, Goggo kuma tana wurin murhu tana fama da itace. Nan na koyi sata. In cire takalmi, in tsallaka tsakar gida a kan yatsun ƙafa, ga ɗinkin haihuwa yana ja na, in shige ɗakin Inna, in zaro sirinji daga haɓar zane, in ɗiga masa a gefen kunci. Shi kuma ɗan banzan ba ya rufa mini asiri, sai ya riƙa tanɗe baki da ƙarfi kamar mai shan romo. In goge masa, in tsaya in ƙare masa kallo, in shinshina wuyansa, in gudu. Matar aure, malamar makaranta, ina sanɗa a gidan ubana domin in ga ɗan da na haifa.

Sau uku Goggo tana kama ni a sunkuye a kansa. Na farko na ce ɗan kunnena ne ya faɗi. Na biyu ma na ce ɗan kunne. Na uku na buɗe baki ke nan ta riga ni.

Ta ce, "Wannan ɗan kunne naki akwai shi da son gadon jarirai."

Ruwa ne ya fi ba ni wahala. Bazara ce, irin zafin Bauchi da ke sa ƙarfen gado ya ƙona hannu, kuma a wurin Inna barin jariri ba ruwa a irin wannan lokaci zalunci ne. Ni ba dama in ce uffan, domin mai kunyar ɗan fari ba ta da ra'ayi a kan ɗan fari. Sai na kira maigidana a waya na ce ya zo ya faɗa. Na manta cewa shi ma suruki ne, ba ya iya haɗa ido da Inna. Ya zo ya tsuguna a zaure, kansa a ƙasa, ya yi wa Goggo magana ƙasa-ƙasa cewa likita ya hana a ba yaron ruwa. Kafin saƙon ya ƙetare tsakar gida ya canza kama. Ina ji daga ɗakina Goggo tana cewa, "Wai mijinta ya ce ruwan gidan nan bai yi masa ba, kada a ba ɗansa."

Ranar Inna ta wanke randa sau biyu. Kwana biyun da suka biyo baya ta ƙyale zancen ruwa, ni kuma na saki jiki, ina ganin dabarata ta ci.

Ranar da ya cika kwana goma sha biyu, bayan azahar, muna zaune a rumfar tsakar gida. Abokan aikina uku sun zo barka, har da mai hoton nan a waya. Yaron yana hannun Inna yana tsala kuka. Ni kuwa ga 'yan kallo sun samu, sai na ƙara wa wasan gishiri. Na juya baya sosai, ina yi musu hirar makaranta, ina dariya, kamar kukan daga rediyon wani gida yake fitowa. Jira nake Inna ta dire mini shi kamar kullum.

Ba ta dire mini shi ba. Ji na yi tana ce wa Goggo, "Yaron nan yunwa ce ke cinsa. Waccan kunya ta yi mata yawa, ba ta barinsa ya ƙoshi. Miƙo mini ƙoƙon nan."

Na waiga da wutsiyar ido. Madarar saniya ce, ta safe, Inna ta tafasa ta ta huce, ta sirka da ruwan da ta dafa ta tace musamman don kada suruki ya sake samun abin faɗa. Ta gyara masa kwanciya a hannunta, ta ɗebo a ɗan cokali, ta yi bisimilla. Wato wasan da na kwana goma ina yi ya karɓu, har ya gamsar da ita cewa ɗan yana kwana da yunwa.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na dai ji ƙarar cokali a kan siminti, na ga madara a zanen Inna, na ga yaron a ƙirjina na ƙanƙame shi da hannu biyu. Sannan na ji wata murya mai kama da tawa tana ihu.

"Kada ki ba shi! Ɗana ne! Ɗana ne, na ce kada ki ba shi!"

Tun da na yi wayo "ku" nake ce wa Inna, ban taɓa ce mata "ki" ba. A numfashi ɗaya na zubar da wannan, na zubar da kunyar ɗan fari, na zubar da madara. Goggo ta saki salati. Baƙina suka fara neman takalmansu. Mai hoto a waya ta dube ni, ta dubi yaron, ta buɗe baki, Allah ya saka mata da alheri ta mayar ta rufe.

Da gidan ya watse Inna ta ɗauki ƙoƙonta ta kife, ta shiga ɗaki. Na bi ta da yaron a hannu, domin yanzu ba sauran abin da zan ɓoye wa hannuna. Na durƙusa, na kwance haɓar zanena, na ajiye kwalbar da sirinjin a gabanta. Na gaya mata sunan ciwon, sunan nan da mutane ke rage murya in za su faɗa. Na gaya mata tun yaushe, da abin da nas ta ce game da ruwa da madara. Ina magana ina kallon ƙafafunta, ina jiran ta tambaye ni inda na samo shi.

Ba ta tambaya ba. Ta ɗauki kwalbar ta ɗaga ta wajen haske, kamar yadda na sha ganin tana duba maganin maruƙa.

Ta ce, "Sau nawa a rana?"

Na ce sau ɗaya.

"Zuwa ina ake ja?"

Na nuna mata layin a jikin sirinjin.

"An taɓa tsallake rana?"

Na ce ko ɗaya.

"Ke fa? Naki?"

Na ce yana cikin gwangwanin turare, ina sha.

Sai ta ajiye kwalbar, kuma a nan ne na ga ranta ya ɓaci, irin ɓacin da ban taɓa gani ba. Ta ce, "Da na ba shi fa? Da ba ki waigo ba fa? Da hannuna za ki bari in cuce shi, don kada a ce ba ki da kunya?"

Na yi ta kuka, yaron ya kama nono yana sha abinsa, ko a jikinsa.

Can ta nisa ta ce, "Kin ɗauka ban san kina shigowa ba? Kullum ina ganin sawunki a bakin ƙofa. Shanu huɗu, biyu ne ma masu nono, tatsar me zan yi har rana ta take? Jan ta nake yi don ki gama." Ta kau da kai wajen taga. "Na ɗauka so ne kawai ya kai ki. Ni ma haka na riƙa yi da wadda na fara haifa, in an tafi rafi."

Wadda ta fara haifa tana durƙushe a gabanta, majina har haɓa. Shekara ashirin da bakwai ina zaton haƙuri kawai take yi da ni. Sai ta tashi ta ce la'asar ta yi.

Daga ranar Inna ta zama soja. Ita ke auna maganin da hantsi, ta fi ni iya riƙe kuncinsa, ko ɗigo ba ya zuba. Ta gaya wa Goggo abin da ya kamata ta sani, ta kuma gaya mata cewa in maganar ta fita zaure ta san bakin da ya fitar. Duk tsohuwar da ta zo da ɗan jiƙonta a kwalba, Inna za ta karɓa ta yi godiya, in ta tafi ta tuttule a gindin darbejiya. Masu cewa a ba shi ruwa ta ce musu jikanta ne, ita ta hana. In ya motsa kaɗan ta kawo mini shi, ta tsaya a kaina sai ya saki da kansa. Kowace asuba kuma, kafin in shafa addu'a, zan ga kofin ruwa a gefen dardumata da gwangwanin turare a kusa da shi. Ba ta taɓa cewa in sha ba, ajiyewa kawai take yi ta wuce.

Sunana a dangi kam ya zube. Labarin ihun ya kai har wurin 'yan uwanmu na ruga, aka ce boko ya cinye ni. Da na koma aiki na tarar an tanadar mini tsiyar wata guda, na kuma shanye, domin na cancance ta.

Kwana biyu bayan arba'in muka kai shi aka tsaga masa diddige, aka ɗiga jinin a wata takarda domin a duba ko ya ɗauki ƙwayar cutar, aka ce mu jira a kira mu. Na koma Gwallameji da jira. Makonnin nan ban san ɗanɗanon abinci ba. Kowace atishawa ya yi sai in ce shi ke nan, in fara tuno kwanakin da na bar shi a hannun wasu, ina tambayar kaina ko wani ya ɗiga masa wani abu ina can ina karɓar yabo. Akwai wasu gwaje-gwajen a gaba, har bayan yaye, kuma duk mun yi su. Amma wannan na farkon shi ne ya fi tsaya mini a rai.

Ranar da aka kira, maigidana yana wurin aiki a wata ƙaramar hukuma, ba zai iso ba sai yamma. Na aika wa Inna. Matar da ba ta son shiga keke napep, ta ce yana juya mata ciki, sai ga ta ta sauka a ƙofar gidana tun ƙarfe takwas. Ita ta goya shi. Muka zauna a benci a baranda cikin mata, tana jan carbi, ni ina murza gefen katin har ya yi laushi.

Nas ɗin nan ce dai. Ta shigar da mu, ta buɗe takarda, ta sa tabarau, ta ɗauki lokacin da na ji kamar in fizge.

Ta ce, "Madam, ba a ga komai ba. Yaronka ba shi da shi. Ka ci gaba da magani, ka ci gaba da nono zalla, za mu sake dubawa. Amma yau ka je ka ci abinci."

Inna ta ce alhamdu lillahi sau uku, a hankali. Ni na daure, na yi godiya kamar mutuniyar kirki, na fito. A baranda dauriyar ta ƙare. Na kwanto shi daga bayan Inna ba tare da na nemi izini ba, na zube a ƙasa a jikin bango, na shiga sumbatarsa, goshi, ido, tafin ƙafa, diddigen da aka tsaga, ina kiran sunansa da ƙarfi ina kuka, ga mata cike da benci sun zuba mana ido.

Sai na ga wurin ya yi inuwa. Inna ce ta tsaya a gabanmu ta ba mu baya, ta ware mayafinta da hannu biyu ta tare mu daga mutane. Ba ta waigo ba. Kafaɗunta kawai nake gani suna rawa.

Ta ce, "Yi abinki. Ba na gani."